Allon Zayyana da Hoton Na'ura: Tsokaci Daga Unguwar Hajj Yusuf

Bahaushe ya daɗe da yanke hukuncin cewa gani ya kori ji. Idan gardama ta yi tsawo a kan wani al'amari, akan nemi wanda ya gani da idonsa, maganarsa kuwa ita ke raba gardamar. Da hoto ya zo, sai ya gaji wannan matsayi, ya zama ido na biyu ga wanda bai halarci wuri ba. A yau wannan hukunci ya shiga wani hali, domin an samu na'urar da ke fitar da hoton abin da bai taɓa faruwa ba, cikin daƙiƙu kaɗan, a kan kuɗi ƙalilan ko ma kyauta. Irin waɗannan hotuna sun cika zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook na Hausawa, tun daga na barka da Juma'a da murnar saukar karatu har zuwa na ta'aziyya da na yaƙi. Daga nan tambaya ta taso a kan abin da ya rage wa mai zanen hannu, wanda ke kwashe kwanaki a kan abin da na'ura ke kwaikwayo kafin a ƙifta ido.

Tambayar tana da nauyi na musamman a Hajj Yusuf, wata unguwa da ke gabashin birnin Khartum na ƙasar Sudan, inda Hausawa suka daɗe da zama, inda kuma yaƙi ya raba mutane da abubuwan da hannuwansu suka yi. Kafin a kai ga unguwar, ya kamata ɗalibin Hausa ya ɗan tsaya a kan kalmomin da za a yi aiki da su, domin harshen ya riga ya faɗi rabin amsar.

Zane, zayyana, hoto da hannu

*Zane* ya fito daga aikatau *zana*, wato jan layi a kan wani abu. Akwai zanen da magina ke yi a fuskar soro a Zariya da Kano, akwai zanen ƙwarya, akwai zanen hula da ake yi kafin a ɗora allura, akwai kuma zanen fuska da wanzami ke yi da aska. A kowane ɗaya akwai makami, akwai kuma mai riƙe da shi.

*Zayyana* kalmar Larabci ce mai ma'anar ƙawatawa, daga tushenta ne kuma aka samu sunan yanka Zayyanu. A Hausa ta ɗauki ma'ana biyu. Ta farko ita ce adon da ake yi wa allon sauka da gefen shafukan Alƙur'ani rubutun hannu. Ta biyu ita ce bayyana abu dalla-dalla, kamar a ce wane ya zayyana wa alƙali yadda aka yi. Ke nan a kunnen Bahaushe kalmar ta haɗa ado da bayar da shaida.

*Hoto* baƙuwar kalma ce daga Turanci, ta shigo tare da kyamara a zamanin mulkin mallaka. Abin lura shi ne aikatan da ke raka ta. Bahaushe na *ɗaukar* hoto, abin da babu shi kuwa ba ya ɗaukuwa. Amma da hoton na'ura ya bayyana, sai bakin jama'a ya koma ga wani aikatau, ana cewa an *haɗa* hoto, kamar yadda ake haɗa miya, ake kuma haɗa ƙarya. Tun kafin haka ma, idan aka ce wani shugaba hoto ne kawai, ana nufin siffa ce ba iko a cikinta.

*Hannu* kuwa ita ce uwar kalmomin. Idan aka ce hannun wane yana da kyau, rubutunsa ake yabo. Ɗan hannu shi ne wanda ya goge a kan aiki. Amma idan aka ce da hannun wane a cikin wani al'amari, alhaki ake ɗora masa, wanda ya sa hannu a takarda kuwa ya ɗaure kansa. Gwaninta da alhaki suna zaune a kalma ɗaya, kuma a nan ne darajar aikin hannu take.

Unguwar da allo ya yada zango

Hajj Yusuf tana gabas da kogin Shuɗin Nilu, a ƙaramar hukumar Sharƙ an-Nil ta jihar Khartum. Tana daga cikin unguwanni mafiya yawan jama'a a babban birnin, da sassa irin su Maigoma da Shigla, da kasuwar da ake kira Suƙ Sitta. Mazaunanta sun fito daga kowace kusurwa ta Sudan, a cikinsu akwai Hausawa, waɗanda mutanen ƙasar kan haɗa da Fulani da Barebari su kira Fallata ko Takari.

Hanyar Makka ce ta kawo kakanninsu. Ɗaruruwan shekaru mahajjata sun riƙa tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato a ƙasa, su ratsa Borno da Wadai da Darfur da Kordofan, su nufi Suwakin a gaɓar Bahar Maliya. Tafiyar kan ɗauki shekaru, domin akan tsaya a yi noma ko sana'a a tara guzuri, da yawa kuma zangon ya zame musu gida. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Da aka buɗe gandun audugar Jazira a 1925, wasu dubbai suka sake kwararowa. Har gobe duk mutumin Khartum ya san *agashe*, gasasshen naman da Hausawa suka shigo da shi.

Matafiyi ba ya ɗaukar kaya mai nauyi, amma allo da kurtun tawada da gafaka ba su taɓa zama a baya ba. Da suka iso, sai suka tarar da makarantar allo irin tasu, wadda mutanen Sudan ke kira *khalwa*. A can ma yaro na rubutu a kan allo ya wanke, a can ma ana haɗa tawada da baƙin tukunya da ƙaro, a can ma ana karatun dare a bakin wuta, kamar a shahararriyar makarantar Umm Dubban da ke wannan yanki na gabashin Nilu. Sun kuma tarar da 'yar'uwar zayyana, wadda ake kira *sharafa*, wato adon da ake yi wa allon ɗalibi idan ya kai wani mataki na karatu, ya ɗauka ya kai gida a yi murna. Bambancin da ke akwai kaɗan ne: tsangayun ƙasar Hausa na karatu da ruwayar Warshu, yawancin makarantun tsakiyar Sudan kuwa da ta Duri. A unguwa irin Hajj Yusuf, al'adun biyu sun zauna a tabarma ɗaya.

Yadda ake zayyana

Allon sauka ya ratsa hannuwa da yawa kafin ya kai ga ɗalibi. Masassaƙi ne ke fitar da shi, galibi daga itacen aduwa, wanda a Sudan ake kira *hijlij*. Baduku ya lulluɓe kansa da jar fata. Mai zayyana ya dafa tawadarsa da zuge da ƙaro, ya feƙe alƙalaminsa na gamba, ya tanadi launin ja da rawaya da kore. Daga nan ya fara da layukan gefe, ya raba fili gida-gida, ya cika su da da'irori da kusurwoyi da ƙulle-ƙullen da ke shiga cikin juna ba a ganin bakin zarensu. Ba ya zana mai rai. A tsakiya yakan bar fili fari, inda za a rubuta Fatiha da ayoyin farko na Baƙara, waɗanda ɗalibi zai biya a gaban malaminsa da iyayensa ranar walima.

Aikin na cin kwanaki, amma kwanakin ƙaramin abu ne idan aka gwada su da abin da allon ke wakilta. Izu sittin ne yaro ya ratsa, tun daga ranar da aka fara nuna masa *ba guje* da *mim jaye* da *ha kuri* har zuwa ranar da ya kai ƙarshe. Allon zayyana takardar shaidar waɗannan shekaru ce, kuma duk wanda ya gan shi a jingine a ɗaki ya san wanda za a tambaya: malamin da ya karantar, da alaramman da ya rubuta.

Dattijo da jikarsa

Daga cikin waɗanda yaƙi ya fitar daga Hajj Yusuf a 2023 akwai wani dattijo mai zayyana, wanda ya bar alƙalumansa da kurtunsa da allunan 'ya'yansa a ɗaki, ya kulle ƙofa da zaton kwana kaɗan za a yi. Iyalin suka yada zango a Gadarif, babban jikansa kuwa ya wuce Alƙahira neman abin yi. A can gudun hijira ne ƙaramar jikarsa ta sauke Alƙur'ani. Labarin bai daɗe da isa Alƙahira ba sai ga hoto ya faɗo zauren iyali: allo na zinariya yana walƙiya, fitilu na reto a kansa, ga ƙubbar masallaci a baya. Dangi daga Kassala da Jidda da Kano suka yi ta sa albarka.

Yarinyar ta kai wa kakanta wayar. Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Amarya, matso da ita kusa, ki buɗa mini wurin rubutun."

Ta buɗa. Ya bi layin da yatsa, leɓensa na motsi, sai ya tsaya. Akwai abin da ya yi kama da *lam*, akwai abin da ya yi kama da *sin*, amma babu kalma ko ɗaya da ke karantuwa.

"Kaka, ai ado ne kawai," in ji ta. "Ba don a karanta aka yi shi ba."

"To, wa ya rubuta?"

"Babu kowa, Kaka. Yaya ne ya gaya wa na'ura abin da yake so, ita kuma ta fitar."

"Allah ya yi masa albarka, ya yi zumunci," in ji dattijon. "Amma idan aka samu kuskure a aya, wa za a kira ya wanke allon?"

Washegari ya aiki yaro wurin kafinta aka samo guntun katako, ya kankaro baƙin tukunya, aka sayo ƙaro a kasuwa, ya ari launukan 'yan makarantar boko. Kwana huɗu ya yi yana aikin, da safe kawai, domin idonsa ba ya jure hasken rana tsaka. A kusurwar hagu layi ya ɗan karkace inda hannunsa ya yi rawa. Da aka gama, aka ɗauki hoton allon aka tura zauren iyali, sai jikan nan na Alƙahira ya rubuto cewa ya gane ƙullin da ke saman allon, irinsa ne a kan nasa allon da aka baro a Hajj Yusuf. Dattijon ya koyi ƙullin a wurin malaminsa, shi kuma malamin a wurin mahaifinsa, wanda ya zo daga ƙasar Kano a ƙasa. Hoton farko ya fi na biyu ƙyalli nesa ba kusa ba, amma a na biyun ne mutum ya ga gidansu.

Abin da na'ura ke yi

Adalci ne a fahimci yadda na'urar ke aiki kafin a yanke mata hukunci. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu fitar da hoto, irin su DALL-E 2 da Midjourney da Stable Diffusion, sun yaɗu a hannun jama'a a shekarar 2022. Ana horar da su ne da hotuna masu ɗimbin yawa da aka kwaso daga intanet, kowane da bayanin da ke tare da shi. Ɗaya daga cikin rumbunan da aka yi amfani da su, mai suna LAION-5B, ya ƙunshi hotuna sama da biliyan 5. Daga nan manhajar ke koyon irin launi da siffar da suka saba raka kowace kalma. Idan aka ba ta umarni, takan fara da dishi-dishi irin na talabijin da ta rasa tasha, ta yi ta share shi mataki-mataki har siffar da ta fi dacewa da kalmomin ta fito.

Wannan ne ya sa sau da yawa haruffanta na Larabci ke fitowa a birkice. Ta ga siffar rubutu sau miliyoyi, amma ba ta taɓa zama a gaban malami ta biya ba, ba ta kuma san cewa a rubutun tsangaya ɗigon *fa* a ƙasa yake, na *ƙaf* kuwa guda ɗaya ne a sama ba. Kama da wane ba ta wane. Sababbin manhajoji suna rage irin wannan kuskure, wataƙila wata rana su daina shi baki ɗaya, sai dai ko sun daina, tambayar dattijon tana nan, domin alhaki take nema, ba gwaninta kaɗai ba.

Haka kuma, hotunan da aka horar da na'urar da su aikin mutane ne, akasarinsu ba a nemi izininsu ba, ba a kuma ambaci sunansu ba. A watan Janairun 2023 wasu masu zane uku a Amurka suka kai kamfanonin ƙara a kan haka. Kafin nan, a 2022, wani mai suna Jason Allen ya ci gasar zane a bikin baje kolin jihar Colorado da hoton da ya haɗa da Midjourney, abin da ya tayar da ƙura a tsakanin masu zane. Da ya nemi a yi masa rajistar haƙƙin mallaka, ofishin da ke kula da haka a Amurka ya ƙi a 2023, bisa hujjar cewa doka na kare abin da ɗan'adam ya ƙirƙira ne. Mai zayyana yana iya lissafa malamansu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda malamin hadisi ke kawo isnadi. Na'ura ta ci daga akushin dubban mutane, ba ta kuwa san sunan ko ɗaya da za ta yi wa godiya ba.

Fensir a kurkukun Kobar

Wanda ke zaton batun allo ƙaramin al'amari ne na makarantun unguwa, sai ya dubi tarihin Ibrahim El-Salahi, ɗaya daga cikin manyan masu zanen Afirka. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin addini ne mai makarantar allo. Ya yi karatun zane a makarantar Slade da ke Landan daga 1954 zuwa 1957. Da ya dawo gida ya baje aikinsa irin na Turai, sai ya lura mutanensa ba su ga kansu a ciki ba. Ya koma yana duba abin da suke ratayawa a ɗakunansu, ya tarar rubutun ayoyi ne da adon sharafa da saƙar faifai. Daga nan ya mayar da harafin Larabci tushen zanensa. Shi da Ahmad Shibrain da Kamala Ibrahim Ishaƙ ne ginshiƙan abin da aka sani da Makarantar Khartum a fagen zane. A farkon shekarun 1960 ya baje aikinsa a ƙungiyar Mbari da ke Ibadan, a 2013 kuma gidan zane na Tate Modern da ke Landan ya shirya baje kolin ayyukan rayuwarsa.

A 1975, yana babban jami'i a ma'aikatar al'adu, gwamnatin Ja'afar Numairi ta tsare shi bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki, ya shafe sama da wata 6 a kurkukun Kobar ba tare da shari'a ba. Kurkukun yana Bahri, 'yan kilomitoci daga Hajj Yusuf. An hana fursunoni takarda da abin rubutu. El-Salahi ya samu guntun fensir, ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana yana zane a kai, idan gandiroba ya matso ya binne su a cikin yashi. Wannan dabara ta fara zane daga ƙaramin yanki a yi ta ƙara masa wasu har ya girma, ta bi shi har bayan fitowarsa.

Ana iya umartar na'ura a yau ta fitar da zane ɗari a salon El-Salahi kafin shayi ya huce, wasu ma su fi nasa tsabtar layi. Amma abin da ya ba wa 'yan takardun simintin nan daraja shi ne mutumin da ya san hukuncin da ke jiransa idan aka kama shi, ya kuma zana duk da haka. Salo ana arar sa. Wata shida a Kobar kuwa ba a aro.

Bango, yaƙi da shaida

A ranar 6 ga Afrilun 2019 jama'a suka fara zaman dirshan a gaban hedikwatar soji da ke Khartum, kwana 5 bayan haka aka tuɓe Umar al-Bashir. A makonnin da suka biyo baya, masu zane suka rufe bangayen wurin da hotunan fenti. Ranar 3 ga Yuni aka tarwatsa zaman da harsashi, aka kashe mutane da dama, daga baya kuma aka bi yawancin zanen aka shafe. Ba a ɓata fenti a kan abin da ba ya magana. Wata mai zane, Assil Diab, ta riƙa bin gidajen waɗanda aka kashe tana zana fuskokinsu a bangon gidajen iyayensu, inda duk mai wucewa zai iya tsayawa ya tambayi sunan mamacin.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Sama da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu. Yankin Sharƙ an-Nil ya kasance a hannun RSF kusan shekara 2, sai a watan Maris na 2025 sojoji suka karɓe shi. An wawashe gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Khartum, masu zane da yawa sun rasa ɗakunan aikinsu da abin da suka tara a rayuwa, haka ma gidajen talakawa da allunansu da Alƙur'anansu na gado. Wannan ita ce raunin aikin hannu: guda ɗaya ne, idan ya ƙone ya tafi. Rashin da ake ji idan ya tafi kuwa shi ne ma'aunin darajarsa, domin ba wanda ya taɓa zaman makokin hoton da za a iya sake fitarwa da danna waya.

A cikin wannan hali ne hoton na'ura ya nuna haɗarinsa. Bayan faɗuwar birnin Al-Fashir a hannun RSF a ƙarshen Oktoban 2025, wani hoto ya zagaya duniya, na wata uwa da ta rungume 'ya'yanta, inuwar masu bindiga a kansu. Mutane da yawa sun yaɗa shi da zuciya ɗaya, Hausawa ma ba a bar su a baya ba, kafin masu binciken gaskiyar labarai su tabbatar da cewa na'ura ce ta haɗa shi. Kisan da aka yi a Al-Fashir gaskiya ne, waɗanda suka tsira sun ba da labari, hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna alamu. Amma duk lokacin da aka kama hoton ƙarya guda, an miƙa wa mai musu sanda, gobe idan uwa ta gaskiya ta fito da hoton ɗanta na gaskiya, zai ce wannan ma haɗi ne. Wanda ya yaɗa hoton don tausayi ya rage wa waɗanda yake tausayi ƙarfin shaidarsu bai sani ba.

Ai ɗab'i ma na'ura ce

Mai ja da wannan magana yana da hujja. Zai ce haka aka yi ta kuka lokacin da injin ɗab'i ya zo, ga shi kuwa bai kashe karatu ba, yaɗa shi ya yi. Zai kuma ce mai shago a Suƙ Sitta da ke son tallar kayansa, ko ɗan gudun hijirar da ke son taya ƙanwarsa murna daga nesa, ba su da kuɗin mai zane, ba su kuma yi laifi ba don sun yi amfani da abin da ya sawwaƙa.

Hujja ta biyu karɓaɓɓiya ce, dattijon nan ma bai ƙi ta ba, albarka ya sa wa jikansa. Ta farkon ce ke buƙatar gyara. Alƙur'anan Warshu da suka cika kasuwannin ƙasar Hausa, irin na Sharu Bala Gabari na Kano, da hannu aka fara rubuta su, injin ya ninka su ne kawai. Almajirin da ya buɗe bugaggen kwafi a Maraɗi ko a Mai Wurno hannun Sharu Bala yake kallo, da kaurin alƙalaminsa da yadda yake jan wutsiyar harafi. Ɗab'i ya kai hannu guda inda ƙafar mai shi ba ta taɓa zuwa ba. Kyamara ma haka take, akwai wanda ya tsaya a wurin ya ɗauka. Hoton na'ura ne na farko a wannan jeri da babu wanda ya tsaya a ko'ina.

Saboda haka alhakin da na'ura ba ta iya ɗauka yana komawa kan wanda ya ba ta umarni da wanda ya tura. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Abin da ya kamace su bai wuce abu uku ba: su faɗa a fili cewa haɗi ne, kada su bar ta ta taɓa aya ko hadisi ba tare da mai ilimi ya duba ba, kada kuma su gabatar da shi a matsayin shaidar abin da ya faru da mutane. Wanda yake da hali kuwa, ya tuna cewa araha ba ta ado, kuma sana'ar da aka daina biya ba ta samun magaji. Duk allon saukar da aka maye gurbinsa da hoton waya, aikin masassaƙi da baduku da mai zayyana ne ya tafi tare.

Kammalawa

Tsofaffin marubutan ƙasar Hausa da Borno suna da wata al'ada. Idan mutum ya gama kwafe littafi, yakan rufe da kalmar *tammat*, ya rubuta sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci da na wanda aka rubuta wa, sa'an nan ya roƙi mai karatu ya gyara kuskuren da ya gani, ya kuma yi masa addu'a. Da wannan layi na ƙarshe yake miƙa wuyansa, ya yarda a yaba masa, ya kuma yarda a tuhume shi. Mutanen Hajj Yusuf da suka fara komawa gidajensu suna tarar da ɗakuna a buɗe, wasu allunan sun tsira, wasu an hura wuta da su. Waɗanda suka tsira za a kakkaɓe su a sake jingine su, a gaya wa yara wanda ya rubuta kowane. Waɗanda suka salwanta kuwa sai an samu mai hannu, a sayo ƙaro, a feƙe alƙalami, a sa yaro ya zauna kusa yana kallo.